Liang Congjie, Malamin Tarihi da Ya Kafa Ƙungiyar Kare Muhalli a Ƙasar Sin

Liang Congjie mutumin ƙasar Sin ne, malamin tarihi. An haife shi a birnin Beijing ranar 4 ga Agusta 1932, kuma a nan ya rasu ranar 28 ga Oktoba 2010, yana da shekara 78. Sinawa suna fara faɗin sunan zuriya kafin sunan yanka, saboda haka Liang sunan gidansu ne, Congjie kuwa nasa ne na kansa. Ana furta shi kusan kamar Tsung-jiye. Ana tunawa da shi saboda ƙungiyar da ya kafa a 1994 mai suna Abokan Halittu. Tana cikin ƙungiyoyi masu zaman kansu na farko da suka samu takardar izinin aikin kare muhalli a ƙasarsa.

Ku masu karatu, wataƙila a cikinku akwai wanda ya taɓa zama a taron kafa ƙungiya, ta masu garka, ko ta makiyaya, ko ta matan unguwa. Kun san tara mutane abu ne mai sauƙi. Wuyar tana wajen samun izini, da samun kuɗin aiki, da faɗa wa hukuma gaskiya ba tare da an rufe ƙofar ƙungiyar ba. Da irin wannan Liang ya yi fama a ƙarshen rayuwarsa, a ƙasar da jam'iyya ɗaya ke mulki, wadda ba ta son a taru ba da saninta ba.

Gidan da ya fito

Kakansa, Liang Qichao, mashahurin marubuci ne. A 1898 yana cikin waɗanda suka shawo kan sarkin Sin ya yi wa mulki gyara. Gyaran ya yi kwana ɗari da 'yan kai, sai aka murƙushe shi, aka kashe wasu daga cikin abokansa, shi kuma ya tsere Japan. Mahaifin Congjie, Liang Sicheng, da mahaifiyarsa, Lin Huiyin, dukansu masana gine-gine ne. Sun yi shekaru suna bin ƙauyuka, suna auna tsofaffin gidaje da ɗakunan ibada, suna zana su a takarda. Sunan ɗansu ma daga wannan sana'a suka samo shi. Ma'anarsa mai bin sawun Jie, wato Li Jie, wani ma'aikacin fada da ya rubuta littafin ƙa'idojin gini shekara 900 da suka wuce.

Yana ɗan shekara 5 yaƙi da Japan ya ci Beijing, a 1937. Iyalin suka yi gudun hijira zuwa Kunming, daga baya zuwa wani ƙauye mai suna Lizhuang a lardin Sichuan. Can ya tashi cikin rashi, mahaifiyarsa tana kwance da tarin fuka, ciwon da ya zama ajalinta a 1955.

Akwai wani abu da ya samu mahaifinsa wanda ya kamata ku riƙe. Beijing tana da ganuwa mai tsayi da manyan ƙofofi, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru. A 1950 Liang Sicheng da wani abokin aikinsa suka ba sabuwar gwamnati shawara ta bar tsohon birnin yadda yake, ta gina ofisoshinta daga yamma. Ba a saurare su ba. Aka rushe ganuwar sashe-sashe, aka shimfiɗa hanyar mota a gurbinta, shi kuma aka yi ta sukarsa a bainar jama'a. Mutumin Agadas zai gane girman wannan asara. Ku ɗauka a ce an rushe tsohon gari, da fadar Sarkin Abzin, da hasumiyar babban masallaci mai tsayin mita 27, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Congjie ya ga wannan da idonsa yana saurayi. Mahaifinsa yana da ilimi, yana kuma kan gaskiya, amma ba shi da jama'a a bayansa.

Karatu, noma da aikin jarida

Ya karanta tarihi a Jami'ar Beijing, ya kuma koyar a Jami'ar Yunnan tun daga 1958. A 1966 Mao Zedong ya tayar da abin da ake kira Juyin Juya Halin Al'adu. An rufe makarantu, an wulaƙanta malamai, an kori da yawa zuwa karkara. Ɗan irin wannan gida ba shi da mafaka. A 1969 aka tura shi lardin Jiangxi aikin gona. Mahaifinsa ya rasu a 1972. Sai a 1978 ya dawo Beijing ya kama aiki, yana da shekara 46.

Aikin da ya samu a gidan buga babban kundin ilimi na ƙasar ne, inda ya zama edita. A nan wani rubutu da aka aiko masa ya jawo hankalinsa ga ɓarnar da ƙananan masana'antun karkara suke yi. Lokacin an sakar wa tattalin arziki mara, kusan kowace gunduma tana son nata injin. Masu yin takarda da majema da marina suna zubar da dagwalon ruwansu cikin koguna, hayaƙin kwal kuma ya rufe birane. A watan Yuli 1994 gurɓataccen ruwa ya kwararo kogin Huai, kifaye suka mutu, garuruwan bakin kogin suka rasa ruwan sha.

A 1988 ya ajiye aikin gwamnati ya koma Cibiyar Al'adun Sin, wata makaranta da wasu manyan malamai suka kafa. A 1989 ya zama wakili a majalisar ba da shawara kan harkokin siyasa. Wannan majalisa ba ta yin doka, shawara kurum take bayarwa, amma takardar ɗan majalisar tana iya kaiwa teburin manya. Da sunan gidansu da wannan kujera ya yi aiki daga baya.

Yadda aka kafa ƙungiyar

Bayan da sojoji suka murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen a watan Yuni 1989, gwamnati ta fitar da ƙa'ida mai tsauri game da ƙungiyoyi. Duk ƙungiyar da ke son rajista sai ta samu wata hukumar gwamnati da za ta tsaya mata, ta ɗauki nauyin duk abin da ta aikata. Kuma ba a yarda a samu ƙungiya biyu masu aiki iri ɗaya a wuri ɗaya ba. Ku lura da abin da wannan yake nufi. Idan gwamnati ta riga ta kafa tata ƙungiyar kan wani al'amari, to talakawa ba su da gurbin kafa tasu.

Ranar 5 ga Yuni 1993, ranar muhalli ta duniya, Liang da wasu mutane 'yan gommai suka taru a lambun Linglong, a yammacin Beijing. Ba su da zauren taro, a ƙasa suka zauna kusa da wata tsohuwar hasumiya. Mutum huɗu ne a gaba: shi Liang, da Yang Dongping masanin harkar ilimi, da Liang Xiaoyan malamar tarihi, da marubuci Wang Lixiong. Suka nemi hukumar kare muhalli ta ƙasa ta tsaya musu, ba ta yarda ba. Da ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa, sai suka bi ta gefe. Suka yi rajista a matsayin wani reshe na Cibiyar Al'adun Sin, mai kula da al'adar kare muhalli. A watan Maris 1994 takardar ta fito. A takarda reshen cibiya ce, a bakin mutane kuwa Abokan Halittu ce, Ziran zhi You da Sinanci.

Wannan zamani ya zo daidai da namu. A Nijar ma, bayan babban taron ƙasa na 1991 ne ƙungiyoyin farar hula suka yawaita.

Ayyukan farko ƙanana ne, kuma da gangan aka zaɓe su haka: lacca, horar da malaman makaranta, fita kallon tsuntsaye, dashen itatuwa a bakin hamada. Daga shekara ta 2000 suka samu wata mota mai ɗauke da kayan koyarwa tana zagaya makarantu. Babu hukumar da za ta ji tsoron mai kallon tsuntsu. Amma ta haka ƙungiyar ta tara malamai da ɗalibai da 'yan jarida, kuma 'yan jaridar nan su suka zama ƙarfinta.

Birin Yunnan

A duwatsun arewa maso yammacin Yunnan akwai wani biri mai ɗan ƙaramin hanci da jajayen leɓɓa, wanda ba a samunsa a wata ƙasa sai Sin. A lokacin yawansa bai kai 2,000 ba. A 1995 gundumar Deqin ta shirya sare wani babban daji da biran ke zama a ciki. Gundumar matalauciya ce, da kuɗin katako take biyan albashi. Wani mai ɗaukar hoto, Xi Zhinong, wanda ya yi shekaru yana bin biran, ya rubuta wa wani babban jami'i mai suna Song Jian takarda. Abokan Halittu suka kai maganar jaridu da talabijin. Gwamnatin tsakiya ta hana saran, ta kuma ba gundumar tallafi a madadin kuɗin katakon.

Batun tallafin nan shi ne ginshiƙin maganar. Da an ce wa mutanen Deqin su bar daji, ba a duba abin da za su ci ba, da umarnin bai wuce takarda ba. Ko da tallafin ma, a 1998 an gano ana ci gaba da sara a ɓoye, sai da aka sake nuna shi a talabijin. A daminar wannan shekara kogin Yangtze ya yi ambaliya, mutum fiye da 3,000 suka mutu, gwamnati ta hana saran dazuzzukan da ke saman kogin. A ƙidayar da aka bayyana a 2021 biran sun haura 3,000.

Barewar Tibet

Aikin da ya fi fito da sunan Liang shi ne na barewar Tibet. Tana zaune a tudun Tibet, musamman a yankin Hoh Xil na lardin Qinghai, wuri mai tsayin fiye da mita 4,500, ga sanyi ga ƙarancin iska. Saboda sanyin, tana da wani gashi mai laushi ƙwarai a ƙarƙashin na sama. Da shi ake saƙa wani mayafi mai suna shatush a Kashmir, ana sayar da shi dubban daloli a manyan kantunan Turai da Amurka. Ba a iya aske ta kamar tunkiya. Sai an kashe uku zuwa biyar kafin a samu mayafi ɗaya. Mafarauta suna shiga da motoci da bindigogi, su haske garke da fitila cikin dare, su harbe, su feɗe fata su bar naman. Sun fi son lokacin haihuwa, domin a lokacin ne matan suke taruwa wuri ɗaya. A shekarun 1990 yawanta ya faɗo ƙasa da 75,000.

Wani jami'in gunduma ɗan Tibet, Sonam Dargye, shi ya fara tsayawa. A watan Janairu 1994 mafarauta suka harbe shi a Hoh Xil. Surukinsa Zhaba Duojie ya tara 'yan sintiri ya ci gaba da aikin, galibi ba albashi, ba isasshen mai. Shi ma an same shi a mace da harbin bindiga a watan Nuwamba 1998.

Liang ba ɗan sintiri ba ne, dattijo ne mai alƙalami, kuma da alƙalamin ya yi aiki. Ƙungiyarsa ta tara wa 'yan sintirin kuɗi, ta kawo labarinsu Beijing, shi kuma ya rubuta wa hukumomi rahoto. Sannan ya duba ɗaya bakin cinikin, wato masu saye. A watan Oktoba 1998, da firaministan Birtaniya Tony Blair ya ziyarci Sin, Liang ya rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa yana neman a hana cinikin shatush a ƙasarsa, Blair kuma ya ba shi amsa da goyon baya. A 1999 hukumomin Sin suka yi babban samame kan mafarautan. A wannan shekara Liang, yana dab da shekara 67, ya hau tudun da kansa, ya cinna wa ɗaruruwan fatun da aka ƙwace wuta. A hanyar dawowa ya yi hatsarin mota ya ji rauni.

Barewar ta farfaɗo. A 2016 an cire ta daga jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, a 2017 kuma UNESCO ta sa Hoh Xil cikin wuraren gadon duniya. Su 'yan sintirin farko kuwa, an rushe rundunarsu a farkon shekarun 2000, aka miƙa aikin ga hukumar gandun dajin.

Ku gwada wannan da abin da ke faruwa a hamadarmu. An kafa gandun Abzin da Tenere a 1988, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 77,000. UNESCO ta karɓe shi a 1991, a 1992 kuma ta sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari. Jimina, wadda tsofaffi suka sani a kwaruruwan Abzin, ta ɓace daga dajin. Akwai kuma farar barewar nan babba mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira adaks, wadda mafakarta ta ƙarshe ita ce Termit da Tin Tumma, inda aka kafa gandu a 2012. A binciken 2016 guda uku kacal aka gani. Masanan da suka yi binciken sun danganta abin da aikin man fetur na kamfanin CNPC na ƙasar Sin a yankin Agadem, da farautar da masu gadin aikin suke yi. Ƙasar da ta ceci barewarta, ga kamfaninta a inda tamu take ƙarewa.

Iyakar abin da ya iya

Liang ya zaɓi ya zama mai ba gwamnati shawara da taimako, ya guji fito-na-fito. Ba ya kiran zanga-zanga. Yakan nuna wa hukuma dokarta da ta rubuta da hannunta, ya nemi a yi aiki da ita. Yana da dalili. 'Yar jarida Dai Qing, wadda ta fitar da littafi a 1989 mai sukar babbar madatsar ruwan Yangtze, ta yi wata goma a kurkuku. Wu Lihong, wanda ya yi shekaru yana kai ƙarar masana'antun da ke gurɓata tafkin Tai, an ɗaure shi shekara uku a 2007. Ko a cikin gidan Abokan Halittu, Wang Lixiong ya bar ƙungiyar a 2003 saboda matsin da maganganunsa kan Tibet suka jawo.

Wasu sun zarge shi da yawan taka-tsantsan, kuma zargin ba banza ba ne. Ya fi sauƙi a tsaya wa biri da barewa, a yi faɗa da mafarauci ko ƙaramar gunduma, bisa a tsaya wa ƙauyen da babbar masana'anta ta ɓata wa ruwa. A shekarun da ya yi yana aiki, iska da ruwan ƙasar ƙara lalacewa suka yi. Tun 1997 yake neman a fitar da babban kamfanin ƙarfe na Shougang daga Beijing, amma sai a 2005 aka yanke shawarar, lokacin da wasannin Olamfik na 2008 suka matso. A ɗaya gefen kuma, ƙungiyarsa ta rayu, wasu suka bi sawunta. Liao Xiaoyi da Wang Yongchen sun kafa nasu a 1996, Ma Jun a 2006. A ƙarshen 2005 an ƙidaya ƙungiyoyin muhalli 2,768 a ƙasar, ko da yake da yawansu na gwamnati ne ko na ɗalibai. A 2004, bayan ƙorafin da irin waɗannan ƙungiyoyi suka haɗu suka yi, firaminista Wen Jiabao ya dakatar da shirin gina madatsai 13 a kogin Nu.

A jihar Agadas an bi wata hanya dabam. A farkon shekarun 2000 Almoustapha Alhacen, ma'aikacin ma'adinin yuraniyom, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man a Arlit. Ita ba ta fara da tsuntsaye ba, da lafiyar ma'aikata da ruwan sha da ƙurar ma'adini ta fara. Ta gayyato masu awo na cibiyar CRIIRAD daga Faransa a 2003, Greenpeace kuma ta zo Arlit da Akokan a 2009. Abin da ya haɗa ta da Liang shi ne dogaro da hujja: awo, hoto, rubutaccen rahoto, sannan a kai maganar inda za a ji ta.

Halinsa da rasuwarsa

Waɗanda suka san shi sun shaide shi da sauƙin kai. Katin sunansa a bayan tsohuwar takarda ake buga shi. Yana yawo da tsinken cin abincinsa don kada ya yi amfani da na yarwa. A kan keke yake zuwa taro, har an ruwaito cewa masu gadi sun taɓa tsayar da shi a ƙofar majalisa, domin ba su saba ganin ɗan majalisa a kan keke ba. A shekara ta 2000 an ba shi lambar yabo ta Ramon Magsaysay a Filifin. A shekarunsa na ƙarshe rashin lafiya ya raba shi da aiki, ciwon huhu kuma ya zama ajalinsa.

Ranar 1 ga Janairu 2015, shekara huɗu da rasuwarsa, sabuwar dokar kare muhalli ta fara aiki a Sin. Ta ba ƙungiyoyi masu rajista damar kai mai ɓarna kotu a madadin jama'a. Abokan Halittu da wata ƙungiya ta lardin Fujian suka shigar da ƙara kan masu fasa dutse da suka lalata daji a Nanping, suka yi nasara a watan Oktoba na shekarar. A 2017 sun faɗi wata shari'a ta gurɓatacciyar ƙasa a Changzhou, kotu ta ɗora musu kuɗin shari'a yuwan miliyan 1.89, sai a ɗaukaka ƙara aka sauke musu. A 2017 ɗin ne kuma wata doka ta mayar da ƙungiyoyin ƙasashen waje ƙarƙashin kulawar 'yan sanda. A watan Maris 2020 wata kotu a Kunming, bisa ƙarar da ƙungiyar ta shigar, ta ba da umarnin tsayar da ginin wata madatsar ruwa a Yunnan, domin ruwanta zai cinye mazaunin koren ɗawisu.